Sikeli Kaɗai Ba Ya Faɗin Gaskiyar Jikin Tsoho

Kwanakin baya wata ƙungiya ta kawo duba lafiya kyauta unguwarmu. Aka kafa rumfa, aka jera benci, tsofaffi suka yi layi. Na raka wani maƙwabcina, dattijo da ya haura saba'in, na zauna gefe ina kallon yadda aikin ke tafiya. Duk wanda aka kira sai ya hau sikeli, a jingina shi da bango a auna tsayinsa, wani matashi ya danna waya ya faɗi lamba, a rubuta a kati.

Wata tsohuwa ce a gabansa, gajera kakkaura, bayanta ya ɗan ranƙwafa. Da aka kira ta, zumbur ta miƙe daga benci ba ta dafa komai ba. Aka gama lissafi aka ce mata, "Inna, ƙibarki ta yi yawa, sai kin rage abinci." Ta ce to, ta ƙulle katin a bakin mayafi ta tafi. Sai aka zo kan maƙwabcina. Hannuwansa sirara, ƙafafunsa sirara, tumbi ya ɗaga gaban riga, kuma sai da na kama shi sannan ya iya tashi. Aka ce masa, "Baba, kai kam lafiya lau, nauyinka daidai yake."

Abin ya tsaya mini a rai. Ban ga laifin matashin ba, abin da aka koya masa ya yi, kuma da ladabi ya yi shi. Ma'aunin da aka ba shi ne bai dace da mutanen da ke gabansa ba.

Ra'ayina shi ne, lissafin nauyi da tsayi da ake kira BMI bai isa a yanke wa tsoho hukuncin ƙiba ko rama da shi kaɗai ba. Ga wanda ya haura sittin da biyar, tambayoyi biyu sun fi nauyinsa muhimmanci: a ina kitsen ya taru, kuma tsoka nawa ta rage masa? Tef ɗin awo irin na tela da kujera guda sun fi sikeli iya amsa waɗannan tambayoyin, kuma babu asibitin da zai ce ba shi da kuɗin sayensu.

Abin da BMI ba ya gani

Lissafin mai sauƙi ne. A ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba da tsayinsa da mita sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da dabarar a shekarun 1830, kuma ba likita ba ne, yana nazarin matsakaicin jikin jama'a ne. Sai a 1972 wani masanin kimiyya na Amurka, Ancel Keys, ya raɗa mata sunan da muka sani yau. An ƙirƙiro ta ne don kallon al'umma a dunƙule, daga baya aka mayar da ita abin yanke wa mutum ɗaya hukunci.

Matsala ta farko ita ce tsayi. Tsoho yana gajarta. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana bushewa ya matse, ƙashi yana zaizayewa, baya ya ranƙwafa. Wani dogon bincike da aka yi a birnin Baltimore na Amurka ya nuna cewa daga shekara 30 zuwa 80 namiji kan rasa kusan santimita 5 na tsayinsa, mace kuma kusan 8. To a ɗauki mace mai kilo 70 da tsayin mita 1.60. Lambarta 27.3 ce. Idan tsufa ya rage mata santimita 8, lambar ta koma 30.3. Ba ta ƙara ko loma ɗaya a jikinta ba, amma takarda ta shigar da ita sahun masu ƙiba.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. Daga wajen shekara 30 tsoka kan fara raguwa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma bayan 60 abin yana ƙara sauri. Sau da yawa kitse ne ke maye gurbinta. Mutum zai iya riƙe kilo 65 tun yana ɗan arba'in har ya kai saba'in da biyar, ya riƙa alfahari cewa nauyinsa bai taɓa canzawa ba, alhali abin da ke cikin kilo 65 ɗin ya canza sarai. Allah ya huci zuciyar iyayenmu da misalin, amma kowane mahauci ya san raguna biyu za su iya yin nauyi ɗaya, ɗaya a same shi nama, ɗaya a same shi kitse. Shi ya sa ba ya yarda da ido ko sikeli sai ya dafa gadon baya.

Ta uku kuwa, kitsen kansa yana ƙaura. Yana barin damtse da cinya da fuska, ya koma ciki ya lulluɓe hanji da hanta. Ga mata abin ya fi fitowa bayan ɗaukewar al'ada. Wannan kitsen na ciki shi ne aka fi dangantawa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya, ba wanda ke cinya ba. Sikeli bai san bambancin ba. Kuma bai san ruwa ba: tsohon da ƙafafunsa suka kumbura saboda ciwon zuciya ko ƙoda zai hau sikeli a ce ya yi jiki, alhali ciwo ne ke cinsa.

Ba ni kaɗai ke faɗin wannan ba. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya ta ce a yi taka-tsantsan da BMI ga masu shekara 65 zuwa sama. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce kada a dogara da shi shi kaɗai. A farkon 2025 wani kwamitin ƙwararru da mujallar likitanci ta Lancet ta haɗa ya ba da shawarar a riƙa haɗa shi da wani awo kamar na ciki kafin a ce mutum na da ƙiba. Mu nan har yanzu lambar ɗaya ce muke rubutawa a kati mu sallami mutum.

"Ai shi ne mai sauƙi, kuma kowa ya iya shi"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa don kare BMI, kuma akwai gaskiya a cikinta. A asibitin karkara inda ma'aikaci ɗaya ke duba mutum hamsin kafin azahar, abin da ba ya cin lokaci yana da daraja.

Amma auna ciki bai fi auna tsayi wahala ba. Ga tsohon da ba ya iya miƙewa sosai ma, ya fi sauƙi. Ana zagaya tef a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, mutum na tsaye, bayan ya fitar da numfashi, ba tare da an matse ba. Ga namiji haɗari na farawa daga santimita 94, ya tsananta daga 102. Ga mace daga 80, ya tsananta daga 88. Aikin minti ɗaya ne.

Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar karanta lamba ko ɗaya. A yanki igiya daidai tsayin mutum, a ninka ta biyu, a zagaya cikinsa. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, cikin ya wuce rabin tsayi, kitsen ciki ya yi yawa ke nan. A 2022 NICE ta sa wannan ƙa'ida ta rabin tsayi cikin shawarwarinta. Jika ɗan firamare zai iya yi wa kakansa a tsakar gida. Gaskiya ne gajartar tsufa na shafar wannan awon ma, amma ba kamar yadda take shafar BMI ba, domin can sau biyu tsayin ke shiga lissafi.

Sai batun kunya, wanda na ɗauka da muhimmanci. Dattijuwa ba za ta yarda saurayi sa'an jikanta ya zagaya mata tef a ciki a bainar jama'a ba, kuma tana da gaskiya. Maganin wannan labule ne da ma'aikaciya mace, kuma ana iya aunawa a kan riga marar kauri. Ana yin haka kullum a ɗakin awon ciki na masu juna biyu, ba wanda ya ce ba zai yiwu ba.

"To me zai hana a yi amfani da na'ura?"

Wasu za su ce in dai daidai ake so, a bar tef a koma ga na'urori. Mu dube su.

Akwai na'urar DEXA. Mutum zai kwanta, wani haske mai rauni irin na ɗaukar hoton ƙashi ya bi ta jikinsa, ta fitar da yawan ƙashi da tsoka da kitse daban-daban, hannu daban, ƙafa daban, ciki daban. Da ita masu bincike kan gwada sauran hanyoyin su ga wacce ta fi kusa da gaskiya. Hoton CT da na MRI ma sun fi ta nuna kitsen da ke cikin ciki. Sai dai duka ukun na manyan asibitoci ne, da tsada, da buƙatar wuta da ƙwararre. Ba wanda zai ɗauko tsohuwa daga ƙauye ya kai ta birni don a gaya mata yawan kitsenta, kuma bai kamata ba. Amfaninsu a wurinmu shi ne a bincike.

Wanda ya fi damuna shi ne sikelin zamani da ke nuna kason kitse, wanda yanzu ake gani a wuraren motsa jiki da wasu shagunan magani da hannun masu tallan maganin rage teɓa. Yana tura wata 'yar wutar lantarki da ba a ji ta cikin jiki. Tsoka na da ruwa, wuta na bin ta da sauƙi. Kitse na tare ta. Daga nan na'urar ke yin ƙiyasi. Wato ruwan jiki take aunawa, sauran duk lissafi ne. Yanzu a tuna tsohon da aka auna da la'asar cikin azumi, ko cikin zafin watan Afrilu, ko wanda ke shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, ko mai kumburin ƙafa. Lamba za ta fito da ɗigo da komai, ta yi kama da ta gaske, amma gobe da safe wata daban za ta fito. Kuma lissafin da aka saka wa yawancin waɗannan na'urori ba daga jikin tsofaffinmu aka samo shi ba. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ma an hana shi hawa.

Akwai kuma tsohuwar hanyar matse fata da ɗan awartaki a auna kaurinta. Ga tsoho ba ta da wani amfani sosai, fata ta saki, kitsen da ake nema kuma ya shige ciki inda awartaki ba ya kaiwa.

Rabin da muke mantawa

Duk maganar ƙiba muke yi, amma abin da ya fi kayar da tsoho a gidajenmu shi ne zubewar tsoka. Tsoka ce ke tayar da shi daga tabarma, ita ke riƙe shi idan ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa, ita ce ajiyar da jiki ke ci idan zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu. Tsohon da ya faɗi ya karya ƙugu, da yawa ba su sake tashi.

Wannan ma tef na iya nuna shi. A auna sha-raɓa a inda ta fi kauri. Idan ta gaza santimita 31, alama ce tsoka ta zube, kuma wannan awon na cikin gwajin da ake yi wa tsofaffi don gano rashin abinci mai gina jiki. Sai kujera: mutum ya harɗe hannu a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. Ƙwararrun Turai kan zubewar tsoka sun ce idan ya ɗauki fiye da daƙiƙa 15, ƙarfin ƙafa ya yi ƙasa. Inda ake da 'yar na'urar matsawa da hannu, ƙarfin matsi ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace alama ce ta rauni.

Mu kuma a gida muna da alamun da muke gani kullum ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Baba ya fara dafa bango kafin ya ɗago daga sujada, daga baya ya koma sallah a zaune. Inna ta daina iya matse wanki, buta cike ta fara yi mata nauyi, murfin kwalba sai ta miƙa wa yaro. Zobe ya fara zamewa, wuyan riga ya yi yawa, amma cikin yana nan ko ma ya ƙaru. Sai mu ce tsufa ne. Tsufa ne, amma irin wanda ake iya rage wa gudu da abinci da motsi, in an lura da wuri.

Mafi hatsari shi ne wanda ya haɗa biyun, tsoka ta tafi, kitsen ciki ya taru. Irin wannan ne BMI ya fi yaudara a kansa, domin rashin tsoka na jan lambar ƙasa, kitse na jan ta sama, su haɗu a tsakiya a ce masa daidai yake.

"Ke nan ƙibar tsoho alheri ce?"

Na san wasu za su so su fahimce ni haka, musamman da yake a wurinmu jiki ya murje alamar hutu ce, tumbi kuma alamar wadata. Akwai ma binciken da za su iya riƙewa. A 2014 wasu masana a Ostireliya suka tattara bincike 32 da suka ƙunshi mutum kusan dubu 200 masu shekara 65 zuwa sama. Suka ga mutuwa ta fi ƙaranci ga masu lambar BMI wajen 27, ta ƙaru ga waɗanda ke ƙasa da 23, ba ta sake hawa ba sai bayan 33. Wato abin da takarda ke kira nauyi ya yi yawa, ga tsoho ba lallai ya zama matsala ba.

Amma a karanta shi da hankali. Wani ɓangare na sakamakon ya samo asali ne daga cewa ciwo na ramar da mutum kafin ya kashe shi. Mai ciwon daji ko tarin fuka ko tsohon mashayin sigari siriri ne, ba sirantar ce ta kawo ciwon ba. Kuma tsawon rai daban, jin daɗinsa daban. Dattijuwar da nauyi ya cinye mata gwiwa, suga ya hau, ba ta iya zuwa gidan maƙwabta barka, tana buƙatar ta rage. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake cewa a rage.

"Ki rage abinci" magana ce mai hatsari a kunnen tsohuwa. Me za ta rage? Da ma haƙora sun hana ta nama. Da ma a gidaje da yawa abincin tsoho ya koma koko da safe, shayi da burodi, tuwo da miya da dare. Idan aka ce ta rage, ɗan ƙwai da nonon da take samu su za ta fara bari, don ta ji an ce suna sa ƙiba, ta ci gaba da zuba suga a koko. Nauyi zai sauka, a yaba mata, alhali tsoka ce ta tafi. Shawarar da ta dace ta fi wannan tsawo: a rage suga da lemon kwalba da yawan mai, a ƙara wake da alale da awara da nono da kifi da ƙwai, abubuwan da ba su buƙatar haƙori, a riƙa tafiya, a riƙa tashi da zama daga kujera da gangan. Mai ciwon ƙoda shi ne zai fara tambayar likita kafin ya ƙara irin wannan abincin. Ba za a iya ba da wannan shawarar ba sai an san me ke cikin jikin, kuma lamba ɗaya ba ta faɗa.

Ban ce a jefar da sikeli ba. Yana da aikin da ba abin da ya kai shi, wato nuna canji. Nauyin yau kaɗai ba ya cewa komai, amma nauyin yau a gefen na watanni shida da suka wuce magana ce babba. Tsohon da ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa a cikin wata shida zuwa shekara ba tare da ya nema ba, misali kilo 3 daga 60, yana buƙatar a bincika dalili, ko da lambarsa na tsakiyar daidai. Wanda nauyinsa ya yi tsalle cikin kwanaki kaɗan kuma a duba ƙafafunsa da numfashinsa, wataƙila ruwa ne. Don haka katin da za a ajiye a dawo da shi ya fi katin da za a rubuta sau ɗaya a manta.

Lambobin ma na wa ne?

Akwai ƙorafin da ya shafi hatta tef ɗin da nake yabo, kuma ba zan ɓoye shi ba. Waɗannan lambobi na 94 da 80 daga Turawa aka samo su. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya, lokacin da ta fitar da ma'auninta a 2005, cewa ta yi mutanen Afirka kudu da Sahara su yi amfani da na Turawa har sai an samu nasu. Ita kuma NICE ta ce ga baƙar fata da mutanen Asiya a sauko da iyakar BMI zuwa 23 da 27.5, saboda ciwon suga na kama su tun nauyi bai kai na Bature ba. To ga tsohon Bahaushe, wata ƙa'ida na cewa a sauko da lamba saboda asalinsa, wani bincike na cewa a ɗaga ta saboda shekarunsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba za a rataya lafiyar mutum a kan lamba guda ba.

Abin da zai warware shi bincike ne na gida. Babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya auna nauyi da tsayin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu shekara 15 zuwa 49. Kaka ba ta ciki, kaka namiji ma haka. Muna da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai jami'a da babban asibiti a Yamai, kuma kullum tsofaffi ne cike da layin masu suga da hawan jini. Idan aka fara auna musu ciki da sha-raɓa da tashi daga kujera tare da nauyi, aka rubuta, aka bi su shekaru, za mu san daga santimita nawa ciwo ke fara kama namu mutanen. Makarantun koyon aikin lafiya kuma su sa waɗannan awon cikin abin da ɗalibi zai gwada da hannunsa kafin a ba shi takardar shaida, domin su ne za su zauna a asibitin ƙauye inda ba likita.